Tsibirin da Yaya Bai Je Ba

Mutumin da ya fara kai bayana ƙasa a Makka, tsawonsa bai kai kafaɗata ba. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, kafin wani cikin tsofaffin unguwarmu ya riga ni ya zuba wa labarin gishiri.

A lokacin shekaruna ashirin da 'yan kai, ni da yayana muna dukanci a wata rumfar kwano a unguwar Tandabawi. Mukan sayi fatun hadaya in an sauko daga Mina, mu jeme, mu ɗinka salka da takalma da kube. Yaya shi ne gwani. Ni ƙarfi ne nawa, sai kuma baƙar zuciya. Faɗa nake yi kamar an aiko ni. Duk ranar da aka buga ganga don wasan sanda, wanda mutanen nan ke kira mizmar, da ni ake buɗe fage, kuma da wuya a tashi ban fasa kan wani ba ko wani bai fasa nawa ba. Har yau in na je aski sai wanzami ya tsaya yana ƙirga tabo.

Jima ba ta yiwuwa sai da ruwa, ruwa kuwa a Makkan wancan zamani sai an bi layi a bazan, inda ake ɗiba. Ran nan da hantsi na zo da garwa biyu, na tarar layi ya miƙe har ya sha kwana. Na duba na zaɓi wanda ya fi kowa ƙanƙanta, wani Bajawe, wato mutumin Jawa, mai furfura jefi-jefi, ɗaure da zane a ƙugu. Na sa ƙafa na ture garwarsa na ajiye tawa. Ya mayar da tasa. Na sake turewa. Sai ya ce da ni cikin Larabcin kasuwa, "Ya akhi, ka bi layi." Ni kuwa na ɗaga hannu na kai masa mari iya ƙarfina.

Wallahi har gobe ban san abin da ya yi ba. Na dai ji an cafke wuyan hannuna, ƙafafuna sun bar ƙasa, sai ga ni kwance cikin caɓi, haƙorina ɗaya yana yawo a bakina. Na miƙe na sake yin kansa, ya sake nana ni da ƙasa, wannan karon gwiwarsa a kan maƙogwarona har na fara ganin duhu. 'Yan ga-ruwa suka dinga dariya, har da masu riƙe ciki. Da ya ga na daina shure-shure sai ya ɗaga ni, ya kakkaɓe zanensa, ya ɗebi ruwansa ya yi gaba.

Bayan kwana uku sai ga shi a bakin rumfarmu da takalmi a hannu, igiyarsa ta tsinke. Bai ma san nan nake ba. Ina ganinsa na kai hannu ga wuƙar aiki, Yaya ya sa ƙafa ya take min yatsu.

"Wannan ne ya cire maka haƙori?" in ji Yaya.

Na ce shi ne.

"To tashi ka dafa masa shayi. Shekara goma ina neman wanda zai yi min wannan aikin."

Haka Bajawen nan ya shigo mana, kuma bai sake fita ba. Aikin Hajji ya zo tun kafin babban yaƙin Turawa, jirage suka daina tafiya, ya maƙale. Yana sayar da tsire a wajen hanyar Mansur, irin nasu, ƙanana, ana tsoma su cikin miyar gyaɗa mai zaƙi. Na ce masa wannan ba tsire ba ne, wasan yara ne, amma ban taɓa barin ko tsinke ɗaya ba in ya kawo. Kullum bayan azahar sai ya zo ya zauna a kan buhun bagaruwa, Yaya yana ɗinki, shi yana surutu.

A ƙasarsu, in ji shi, sana'arsa yawo da baƙi. Manyan jiragen ruwa kan kawo Turawa da attajiran wasu ƙasashe, ba fatauci suka zo ba, ba ibada ba, kallo kawai. Shi ne mai kai su. Na ce, "Mutum ya bar gidansa ya keta teku don kallo? Ba su da aikin yi ne?" Ya ce ai in na ga abin da suke zuwa gani, ni ma da ƙafa zan tafi.

Ya ce ƙasar tasu tsibirai ce rututu a cikin teku, nasu shi ne mai yawan jama'a. Akwai dutsen da ke hayaƙi dare da rana, ana hawansa a kan doki, a tsaya a bakin ramin a leƙa, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafar mutum. Mutanen wurin kan jefa kaji da 'yan awaki da ransu cikin ramin, wasu matalauta kuma su sauka gangaren da raga suna cafkewa, wani sa'in ƙafar ɗayansu ta zame a neme shi a rasa. Ya ce kakarsa ta ga shekarar da wani dutsen ya fashe, toka ta binne ƙauyuka da shanunsu. Akwai wani gini na mutanen da, na dutse zalla, hawa-hawa, ba ɗaki ko ɗaya a cikinsa, an sassaƙe jikinsa da siffofi tun daga ƙasa har sama, baƙo sai ya wuni yana zagayawa bai gama ba. Akwai gonakin shinkafa da aka yanka a jikin tudu kamar matakala, kowace cike da ruwa.

Amma fa ya ce baƙi sun fi son inda za a zubar da jini. Yakan kai su inda ake ɗaura wa zakaru wuƙa a ƙafa a sake su, kafin ka ƙifta ido hanjin ɗaya yana ƙasa. Yakan kai su karon raguna, inda ake jin ƙarar ƙaho daga nesa. A wani tsibiri kusa da nasu kuma, maza kan yi rawa har su fita hayyacinsu, su juya wuƙa su dinga danna ta a ƙirjinsu, matan Turawa suna rufe ido da hannu suna leƙe ta tsakanin yatsu. Ba zan yi ƙarya ba, wannan ɓangaren ni ma nakan ajiye aiki in saurara.

Yaya kuwa ba ruwansa da zakaru. Shi ruwa yake tambaya. Tokar jima da ƙurar Makka sun cinye masa ƙirji, tari yake yi har ya dafa ƙasa. Sai ya ce, "Sake faɗa min na ruwan nan." Bajawe ya ce akwai inda kogi guda ke faɗowa daga kan dutse, tsawon ya fi hasumiya, feshinsa yana jiƙa mutum tun bai iso ba, kuma ba mai tara garwa.

Na ce, "Ruwa yana zuba ba mai tarawa? To ku mahaukata ne."

Ya ce da damina kusan kullum bayan azahar sai an yi ruwan sama, kamar an yi alkawari. Yaya ya ajiye basilla yana kallon ƙofa. Tun daga ranar na fara tsanar hirar nan, don na san Yaya, ba ya ajiye basilla don abin banza.

Wata rana Bajawe ya zo da wani abu naɗe cikin tsumma, ya ce a rufe ƙofa. Ya warware, sai ga mutum-mutumi na fata, shafal kamar faifai, siriri, dogon hanci, hannuwa har gwiwa, an maƙala masa sanduna. Jikinsa duk an huhhuje shi da ƙananan ramuka masu tsari. Hannu ɗaya ya yage, gyara yake so. Ya ce da irinsa ake wasan inuwa a ƙasarsu, a bayan farin ƙyalle, ana ba da labarin yaƙe-yaƙen sarakunan da, kuma ba baƙon da ke barin tsibirin bai sayi ɗaya ya tafi da shi gida ba.

Akwai wata ɓula a kwanon rumfarmu da rana ke shigowa ta ciki. Bajawe ya waiga yana neman farin ƙyalle, Yaya da kansa ya buɗe akwati ya ɗauko zanen haraminsa, wanda ya ajiye don likkafani, ya ce in riƙe gefe ɗaya. Na riƙe, raina a ɓace. Bajawe ya sa abin a cikin hasken, sai ga inuwa ta tashi a jikin zanen, kowane rami ya zama ɗigon haske, hannun yana motsi kamar mai rai. Yaya ya ce, "La ilaha illallahu! Da wuƙa aka yi wannan?" Ni na saki zanen na ce wannan aikin shaiɗan ne, kuma a kan harami. Ba wanda ya ko dube ni.

Yaya ya gyara hannun a kwana biyu. Bai tsaya nan ba, ya samo fatar bijimi, ya kankare ta har haske yana ratsa ta, irin yadda ake yi wa fatar tandu, ya fara yanka nasa. Wata uku yana kansa a ƙuryar rumfa, a bayan labulen buhu, yana huda rami ɗaya-ɗaya da bakin basilla. Aikin salka ya bar min. Da ya gama ya shafa wa fuskar jan karan dafi. Bajawe ya ɗaga shi a haske ya daɗe yana juyawa, sannan ya ce mai wannan hannun ba zai kwana da yunwa a tsibirinsu ba. Ya ce yaƙi ya ƙare, ƙasarsu ta karɓi kanta daga hannun Turawa, jirage sun fara dawowa, baƙi ma za su dawo. In an sauko daga Hajjin bana zai bi jirgin alhazansu, kuma akwai wurin mutum ɗaya.

Yaya bai ɓoye min ba. Muna cin tuwo ya ce, "Zan bi shi. Shekara biyu in dawo, ko ƙirjin nan ya huta."

Sai in faɗa muku abin da Yaya yake a wurina, in ba haka ba za ku ce haukan banza na yi. Mu huɗu muka baro gida da ƙafa, ina ɗan shekara biyar. Inna ta rasu a gonakin auduga na Sudan, Baba ya rasu a bakin teku muna jiran jirgi. Yaya ne ya ɗauko ni a wuya ya shigo da ni Makka. Ba ni da mata a lokacin, ba ni da kawu, ba ni da kowa. Duk faɗan da nake yi a gari, na san in an fasa min kai akwai mai wanke min. Kuma na ga mutane da yawa sun ce shekara biyu, ban ga wanda ya dawo ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoro tsagwaronsa, amma ni a lokacin ban iya tsoro ba sai ya fito ta hannuna.

Na yi jifa da kwanon tuwon ya bugi kwanon rumfa. Na ce, "Iyayenmu sun mutu a hanya don su kawo mu nan, kai kuma za ka bar Ɗakin Allah ka tafi yi wa Turawa 'yar tsana?"

Ya ce, "Ka iya bakinka."

Na ci kwalarsa na jijjiga shi har tari ya sarƙe shi. Ya laluba ya ɗauki katakon da muke gyara takalmi a kai ya maka min a goshi. Tun da aka haife ni bai taɓa dukana ba sai ranar. Jini ya rufe min ido. Na fizgi basilla na wurga, ta wuce ta gefen kunnensa ta kafe a jikin ginshiƙi tana rawa. Muka tsaya muna kallonta, ni da shi. Sannan ya zare ta ya goge a rigarsa ya koma kan aikinsa.

Washegari na ɗauki sandata na tafi hanyar Mansur. Na san gaba da gaba ba zan iya da Bajawe ba, don haka ta baya na zo masa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Yana sunkuye yana fifita wuta na sauke masa sandar a kafaɗa, na ji ƙashi ya amsa. Na shure tukunyar garwashin, wuta ta watsu a ƙafafunsa. Ya juyo, hannu ɗaya yana lilo, na ja da baya ina jiran ya nana ni. Bai taɓa ni ba. Ya ce, "Don yayanka na bar ka. Ka je gida, ya walad." Ya durƙusa yana tsince tsirensa daga cikin ƙasa. Da ya rama da na fi jin daɗi.

Duk wannan bai canza komai ba. Yaya ya je ya ba shi haƙuri, ya dawo bai yi min magana ba har kwana shida, ya kuma ci gaba da shiri. Ya ɗinka wa mutum-mutumin jaka ta musamman, don shi ne abin da zai nuna a can a san hannunsa.

To a zamanin akwai masu tsumagiya da ke zagaya kasuwa lokacin salla, suna korar mutane masallaci. In sun ga hoto ko abin kiɗa sai su farfasa, su tsula wa mai shi 'yan bulalai, su wuce. Sai shaiɗan ya kawo min shawara, na kuma karɓa hannu biyu. Na ce in suka ga abin nan za su ƙone shi, su ɗan zane Yaya, ya ji kunya a gaban malaman unguwa, Bajawe ya tsorata ya daina zuwa. Aikin wata uku ya zama toka, ba kuma lokacin yin wani kafin jirgi. Bulala biyar ko goma ba ta kashe mutum, ni na sha fiye da haka don wasa.

Mu dukawa, duk abin da muka gama mukan rataye shi a igiyar bakin ƙofa ya sha iska, kowa kuma ya san abin da ke kan igiyar nan aikin mai rumfar ne. Ran nan bayan azahar Yaya ya shiga bayan labule ya kwanta ƙailula. Na jira har na ji tarinsa ya lafa. Na zare mutum-mutumin daga jakarsa, na rataye shi a tsakiyar igiya, tsakanin takalma, fuskarsa tana kallon hanya. Sannan na tafi Harami, tun la'asar da saura, na sami inuwa na zauna ina jan carbi kamar mutumin kirki. Sandata ma a rumfa na bar ta.

Abu biyu na manta, kuma duk ɗan Takari, wato irinmu baƙar fata 'yan yamma, mai hankali ba zai manta su ba. Na farko, mu a garin nan an riga an yi mana tambarin asiri, ko akuyar wani ta ƙi cin abinci sai a waiwayo unguwarmu. Na biyu, mahaucin da ke kan kwanarmu 'yarsa tana kwance da agana, kwana tara, ƙuraje sun rufe ta har fatar ido. Ba masu tsumagiya ne suka fara ganin abin ba. Mahaucin ne, yana dawowa daga wurin mai magani. Ya ɗaga kai ya ga siffar mutum a ƙofar Takari, jar fuska, jiki duk huji, ɗaruruwan huji, kamar jikin 'yarsa.

Na idar da la'asar na taho a hankali, ina shirya fuskar mamakin da zan yi. Tun daga nesa na ji ihu. "Sihiri! Sihiri!" Na ce a raina ba haka masu tsumagiya ke yi ba. Sai na sa gudu.

Na tarar an cire ƙofar rumfar, an yi waje da komai. Mutane sun fi hamsin, har da namu, har da waɗanda Yaya ya ɗinka wa takalma kyauta. An jawo shi tsakiyar hanya, rigarsa a yage, bakinsa yana zubar da jini, yana ta cewa wasa ne, wasan mutanen Jawa ne, ba mai ji. Mutum biyu sun danne shi, na uku ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan kututturen da muke bugun fata. Mahaucin yana tsaye da gudumarmu, yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Da wannan hannun ka huda min ita?" Ina kutsawa ina ture mutane na ji saukar farko. Ban taɓa jin Yaya ya yi irin wannan ƙara ba. Kafin in iso ya sauke ta biyu da ta uku.

Abin da na yi bayan nan ba na tuna shi daki-daki. Na fizge sandar wani ɗan ga-ruwa na shiga su. Na san na karya wa ɗaya muƙamuƙi, na san na ciji kunnen wani har na ji gishirin jini, na san an sauke min dutse a baya na faɗi na tashi. Shi kuwa mahaucin, na same shi a gwiwa, ya durƙushe, na ɗaga sandar zan raba masa kai, sai aka riƙe ta ta baya. Bajawe ne, da hannunsa ɗaya mai lafiya. Ya ture ni, ya je ya tsaya a kan Yaya, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yana ɗaga murya da Larabcinsa mai karyewa, yana cewa shi ya kawo abin, nasa ne, wanda zai taɓa mutumin nan ya fara da shi. Aka jefe shi da dutse a gira, jini ya sauko masa har gemu, bai gusa ba.

Masu tsumagiya su ne suka zo ƙarshe. Suka zane waɗanda za su zane, taro ya watse. Babbansu ya ɗaga mutum-mutumin da bakin sanda, ya tambaya, Bajawe ya yi bayani, wani malamin Jawa da aka kira ya gaskata shi. Suka ce ba sihiri ba ne, amma siffa ce, suka cinna masa wuta a tsakiyar hanya. Fatar ta nannaɗe tana wari. Ko bulala ɗaya ba su yi wa Yaya ba, sun ce abin da ya samu ya isa. 'Yar mahaucin kuwa ta tashi bayan mako biyu, da zanen agana a fuska, uban kuma har ya mutu yana cewa ƙona abin nan ne ya tashe ta.

Bajawe ne ya ɗaure hannun da tsinken dabino da tsumma, yana yi Yaya yana suma yana farfaɗowa. Yatsu huɗu sun dagargaje, babban yatsa kaɗai ya tsira. Da aka kwance bayan kwana arba'in hannun ya ƙandare a buɗe, ko cokali ba ya riƙewa, balle basilla. Lokacin jirgi ya zo. Bajawe ya zo sallama da ɗan ƙunshinsa, ya ce wa Yaya ya taho a haka, zai riƙe shi, ko don ruwan saman. Yaya ya ɗaga hannun ya ce, "In je in nuna musu me?" Suka rungume juna suna kuka. Ni kuwa Bajawe duba na kawai ya yi, ya sa kai ya fita. Ba mu sake jin labarinsa ba.

Ranar da yamma na dama kunu na zauna ina ba Yaya a baki, don bai saba da hagu ba tukuna. Duk kwanakin nan bai taɓa tambayar yadda abin ya fita daga jaka ya hau igiya ba. Shirun ya fi ƙarfina. Na ajiye ludayin na ce, "Yaya, ni ne na rataye shi."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Wa ya faɗa maka?"

"Ba barci nake ba. Ina kallonka ta yagewar labule, har ka gyara masa fuska ta kalli hanya."

Na ce, "To me ya hana ka tashi ka sauke shi? Haba Yaya! Taku uku ne tsakaninka da ƙofa!"

Ya dubi hannun a kan cinyarsa. Sannan ya ce, "Na ce ƙanena ne, ni na goya shi. Ba zai kai bakin kwana ba zai juyo ya sauke da kansa. Ban so in tashi in riga ka, ka rasa damar. Sai na kwanta ina jiran takunka." Ya yi tari ya share baki da hagu. "Da na ji taku a ƙofa har na yi murmushi. Ashe mahauci ne."

Na faɗi a gabansa ina kuka, na ce ya ɗauki guduma ya yi wa nawa hannun yadda aka yi wa nasa, na ma shimfiɗa masa shi a ƙasa. Ya ce in tashi, rumfa ba ta da hannun da za ta ƙara asara.

"Ka so in zauna," in ji shi. "To ga ni, na zauna. Miƙo kunun kafin ya huce."

Shekara ashirin da shida ya ƙara a rumfar nan, yana zaune a gefena yana kallon ina ɗinki, kuma ni nake yanka masa nama a kwano har ranar da ya rasu.